Saukowa Kano Cikin Hazo: Lissafin Mil 120 na Ƙarshe

Mun bar Legas da ƙarfe uku da 'yan mintuna na rana, tsakiyar watan Janairu, cikin Boeing 737-800 mai zuwa Kano. Ba a cikin fasinjoji nake ba, ba kuma ni ke tuƙi ba. Ina kan 'yar kujerar nan da ake naɗewa a bayan matuƙan biyu, inda mai duba aiki kan zauna da takarda a cinya. Daga nan ana ganin allunan duka da hannuwan mutum biyu. Kyaftin ɗin dattijo ne, shi ke riƙe da rediyo da sa ido. Mataimakinsa, wani matashi, shi ke tuƙa wannan zangon. Maganar aiki duk da Turanci suke yi, ni na mayar da ita Hausa a nan.

Daga Legas zuwa Kano mil 450 ne a miƙe. Mil na teku nake nufi, mai kilomita 1.852, wanda da shi ake auna nisa a sama. Gudu kuma da noti ake faɗarsa, wato mil ɗaya na teku a awa guda, tsayi da ƙafa. Mun hau ƙafa 37,000, saboda jirgin da ya fuskanci ɓangaren gabas lambar mara ake ba shi, 35 ko 37 ko 39, mai dawowa yamma ya ɗauki cika, don kada su haɗu a hawa ɗaya. Muka tsallake kogin Kwara, muka wuce ta wajen Bida, daga nan ƙasa ta ɓace. Ba girgije ya rufe ta ba. Wani abu ne shimfiɗe mai launin kunun kanwa, samansa a daidaice kamar an ja masa layi, shuɗin sama tangararan a bisansa. Ƙurar hunturu ke nan, wadda iska ke kwasowa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zube mana.

Saura mil 200 kyaftin ya karɓo yanayin Kano ya rubuta: iska daga arewa maso gabas, noti 10, ido na kaiwa mita 2,000 cikin hazo, zafi digiri 29, nauyin iska 1015, titin sauka 06. Lambar titi kusurwar da yake fuskanta ce a kamfas aka cire sifili, don haka 06 yana kallon digiri 60 ko kusa, daidai inda iskar hunturu ke fitowa. Jirgi kuwa iska yake so ta bugo shi a fuska lokacin sauka. Babban titin filin Malam Aminu Kano ya kai mita 3,300, filin kuma yana ƙafa 1,562 sama da teku. Wanda ya saba da Legas, inda filin bai kai ƙafa 150 ba, dole ya riƙa tuna wannan ƙafa 1,500 a kowane lissafi. Aka ɗauki Abuja a matsayin wurin komawa idan Kano ta ƙi, ba Kaduna ba, domin hazon da ya rufe Kano ba kasafai yake ƙyale Kaduna ba. A wannan wata ba a wasa da Kano. Ranar 22 ga Janairun 1973 ne Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda aka karkato daga Legas saboda yanayi, ya yi hatsari wajen sauka a filin nan, mutum 176 suka rasu.

Mutane sukan ɗauka hawa ne aiki, sauka kyauta ce, tunda komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A jirgin fasinja na zamani abin ya sha bamban. An ƙera shi sumul don ya ratsa iska ba tare da ta riƙe shi ba, wannan sumul ɗin kuwa shi ke hana shi saukowa da sauri. Ko an mayar da injin duka biyu silo, yakan tafi kusan mil 3 kafin ya zubar da ƙafa 1,000. Tsayi da gudu kuɗi ɗaya ne a aljihu biyu. Ka dunƙufar da hanci, tsayi ya ragu, gudu ya ƙaru. Ka ɗaga hanci, gudu ya ragu, sauka ta tsaya. Canji kawai ka yi, ba ka kashe ko kwabo ba. Hanya ɗaya ce ake kashe kuɗin, ita ce tirjiyar iska a jikin jirgin, ita kuma nisa take ci. Mu da ke ƙafa 37,000 muna keta iska da noti 450, dole mu isa bakin titi muna ƙafa 50 da noti 140 da 'yan kai, ba ragi ba ƙari, cikin iyakar milolin da suka rage.

Mataimakin ya fara da lambar ƙarshe ya dawo baya. Nauyinmu lokacin sauka tan 60. Da filaf 30, wato an zuro faffaɗan ƙarafan nan na bayan fiffike zuwa matakin 30, gudun tsallake bakin titi noti 142 ne. Ana ƙara masa rabin iskar da ke bugo fuska, da duk abin da ta ƙaru idan mai fizga ce, kuma ƙarin ba ya gaza 5. Rabin 10 biyar ne, sai aka tsayar da 147. Da filaf 40 za a sauka, gudun zai ragu zuwa 135, hanci ya ƙara sunkuyawa a fi ganin gaba, abin da ake so idan hazo ya yi tsanani ko titi gajere ne. Amma yana shan mai, yana ƙara ƙara. Titin mita 3,300 da ganin mita 2,000 ba su buƙaci haka ba. Birki mai kama kansa aka sa a lamba 2. Sannan ya karanta abin da za a yi idan an fasa sauka, tun kafin a fara ta.

Sai lissafin inda za a fara gangarowa. Kwamfutar jirgin ta riga ta sa alama a taswira, mil 124 daga Kano, amma kyaftin ya ce, "Ƙanena, ba ni naka."

"Ranka ya daɗe, 37,000 a cire 1,500, saura 35,500. Sau 3, mil 106. Goma na rage gudu, 116. Iska tana bayanmu noti 30, na ƙara biyar. Mil 121."

"To, kun yi kusa da juna kai da ita."

Goman nan da ya ƙara ba ado ba ne. A kwance, ba hawa ba sauka, jirgi kan ci kamar mil 1 kafin ya zubar da noti 10, mu kuwa muna da noti 100 da za mu zubar tsakanin gudun gangara da gudun shiga layin titi. Iskar baya ita ma gaskiya ce ta wannan lokaci: a hunturu, can sama iskar daga yamma take busowa tana tura mai zuwa Kano, sai an sauko ƙasa-ƙasa ta juya ta zama ta arewa maso gabas. Kwamfuta ba ta san wannan ba sai an shigar mata da iskar kowane hawa. Idan aka bar ta da zato, hanyar da za ta zana a takarda kawai take da kyau. Shi ya sa ake yin lissafin da ka. A gudunmu na mil 8 a minti, jinkirin minti ɗaya wajen fara sauka ya zama bashin ƙafa 2,600.

Kaɗan kafin Kaduna, wadda take mil 108 daga filin Kano, aka ba mu izini. Totur biyun suka ja baya da kansu, ƙugin injin ya mutu, hanci ya sunkuya kaɗan. Wannan ne lokacin da wasu a baya kan fara salati, suna zaton inji ya tsaya. Bai tsaya ba, silo yake, kuma haka ake so ya zauna har kusa da ƙasa, domin man da yake sha a haka bai kai rabin na tafiya ba. Wanda ya sauko da wuri sai ya ƙara wuta ya yi ta jan ciki a ƙasa inda iska ke da kauri, mai na ƙonewa. Wanda ya makara sai ya nemi birki. Da farko ana riƙe gudun da ma'aunin Mak, 0.78 na gudun sauti, har wajen ƙafa 32,000, inda agogon gudu, wanda a sirariyar iskar sama yake nuna ƙasa da ainihin gudun, ya kai noti 280, daga nan a riƙe 280. Allo ya nuna muna zubar da ƙafa 2,200 zuwa 2,500 a minti.

Cikin jirgin ma sauka yake, amma tasa daban. A can sama iskar da fasinja ke shaƙa kamar ta tsaunin ƙafa 7,000 ko 8,000 ce, dole a dawo da ita daidai da ta Kano kafin a buɗe ƙofa. Na'urar tana yin haka a hankali, ƙafa 300 da wani abu a minti, don kunne. An riga an murɗa mata tsayin filin Kano tun a Legas. Jarirai kan fara kuka a nan, mai mura ya ji kamar ana soka masa tsinke. Haɗiyar yawu ko hamma kan buɗe kunnen.

Izinin da aka ba mu iyakarsa ƙafa 25,000, domin akwai wani jirgi da ya taso daga Kano yana hawa zuwa 24,000, zai gifta ta ƙarƙashinmu. Muka iso 25,000 saura mil 82, jirgi ya daidaita, totur suka fara matsowa gaba don su riƙe 280. A nan na ga abin da na zo gani. Mataimakin bai bar su ba. Ya murɗa gudu zuwa 240, kyaftin ya sanar da mai kula da zirga-zirga, injin suka koma silo. Tunda an hana shi kashe kuɗin aljihun tsayi, sai ya fara kashe na aljihun gudu. Noti 40 ɗin da ya zubar a kwance zai karɓe su baya da zarar an sake shi, ta hanyar dunƙufar da hanci, kuma tsayi ne zai biya. Matuƙin da bai goge ba kan zauna a 280 yana ƙona mai, yana cinye milolin da zai nema anjima. Akwai iyaka dai: ba a sauka ƙasa da gudun da fiffike ke buƙata ba filaf, wanda a nauyinmu 205 ne, filaf kuwa ba a zuro shi sama da ƙafa 20,000.

Zariya ta wuce a ƙarƙashin ƙura, ba mu gan ta ba, mil 75. Ɗaya jirgin ya bayyana a allo, ɗigo da lamba, ya gifta. Sai a mil 68 aka ce mu ci gaba. Lissafi: 68 a cire 10, saura 58, a raba 3, ƙafa 19,000 da ɗoriya, a ƙara tsayin Kano, kusan 21,000. Muna 25,000. Bashin ƙafa 4,000.

Hanya biyu ce ake biyan irin wannan bashi, kuma nisa ne ke zaɓa. Idan da sauran tafiya, kuma ba a ƙayyade maka gudu ba, ƙara gudu ake yi, abin da kan ba sabon shiga mamaki. Tirjiyar jikin jirgi tana ƙaruwa da ninkin gudu a kansa, saboda haka a 300 jirgi ya fi gangarowa a tsaye fiye da a 240. Idan kuwa an riga an matso, mil 20 ko ƙasa, gudu ba ya fisshe ka, zai kai ka bakin titi da wuri ne kawai da abin da ba ka iya zubarwa. A nan sai a fara rage gudu tukuna, a zuro filaf, a sauke tayoyi da wuri, sannan a gangara. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi biyun lokaci guda. Mu da mil 68 a hannu, ta farko ya ɗauka. Ya murɗa 300, ya kama sandar birkin iska da ke gefen totur ya ja a hankali zuwa iyakar da aka yarda a sama. Faifan da ke kan fiffike suka miƙe, jirgi ya ɗauki wata 'yar karkarwa da gurnani, wadda na kusa da fiffike ke ji a kujerunsu. Allura ta wuce ƙafa 3,500 a minti. A wannan gudun muna cin mil 6 da rabi a minti, hanyar ƙa'ida tana neman 2,200, don haka kowane minti muna rage bashin da sama da 1,000. Minti uku da 'yan daƙiƙu aka biya. Hannunsa bai bar sandar ba har ya mayar da ita, kuma da gangan ne. An sha mantawa da birkin iska a buɗe, jirgi ya daidaita, injin su yi ta faɗa da shi.

Wajen ƙafa 13,000 ya fara ɗago hanci don noti 250, ƙa'idar da ake bi ƙasa da ƙafa 10,000 kusan ko'ina. A ƙasa jirage sun fi cunkushewa, ga tsuntsaye, Kano kuwa ba ta rasa shirwa da ungulu. A 250 saukar takan koma ƙafa 1,700 a minti. Akwai ma'auni mai sauƙi da ake dubawa a nan: mil 30 daga fili, ƙafa 10,000 sama da filin, noti 250. A Kano wannan 11,500 ke nan a agogo. Mun iso mil 30 muna 11,300. Kyaftin ya kunna fitilun waje da alamar ɗamara, hira ta ƙare. Daga ƙafa 10,000 zuwa ƙasa ba a magana sai ta aiki.

Muka nutse cikin hazon wajen ƙafa 9,000. Shuɗi ya tafi, gilashi ya zama fari-fari ja-ja, babu sama babu ƙasa. Idan ka leƙa kai tsaye ƙasa kana iya tsinkayar gona ko hanya, amma gaba babu komai, domin ido na ratsa ƙura mai kauri idan ya kalli nesa a karkace. Da yamma an ɗan huta, rana tana baya. Mai sauka a 06 da safe, rana a fuskarsa, ya fi shan wuya.

Aka ba mu ƙafa 4,500 a kan 1015. A can sama kowane jirgi 1013 yake sa wa agogon tsayinsa, don kowa ya yi awo da mudu ɗaya. Idan an sauko sai a koma lambar garin, wadda ke sa agogo ya nuna tsayi na gaskiya daga teku. Su biyun suka murɗa, kowa ya karanta nasa da ƙarfi, aka gwada da na ukun da ke tsakiya. Kowace lamba ɗaya kusan ƙafa 28 ce, kuskuren goma ya zama 280. A watan Mayun 2022, a filin Charles de Gaulle na Faris, an faɗa wa wani Airbus A320 1011 maimakon 1001, cikin ruwan sama, a irin saukar da ta dogara da agogon tsayi. Ƙafa 6 ya rage ya taɓa ƙasa, nesa da titi, kafin ya tashi. Mu ILS za mu bi, tsarin da ke jagorar jirgi zuwa bakin titi, wanda layinsa na rediyo ne daga ƙasa, lambar ba ta karkatar da shi. Duk da haka tsayin da za a yanke shawara a kansa daga agogon ake karantawa.

Mil 17, jirgi ya kusa 4,500, gudu na zubewa zuwa 210. Filaf hawa-hawa ake zuro shi, kowane mataki da rufinsa da dandaɓensa. Rufin shi ne gudun da ƙarfen zai jure: 250 ga filaf 1 da 5, 200 ga 15, 175 ga 30, 162 ga 40. Dandaɓen shi ne mafi ƙarancin gudun da za a iya juya jirgi lafiya a matakin, kuma daga lambar nan ta 135, gudun filaf 40, ake gina shi: a ƙara 70 idan ba filaf, 50 a filaf 1, 30 a filaf 5, 20 a filaf 15. Wato 205, 185, 165, 155. Kyakkyawan aiki shi ne a kira mataki na gaba idan an kusa dandaɓen wanda ake kai. Masu zuro filaf a bakin rufi don ya zame musu birki suna gajiyar da ƙarfe ne, kuma fizgar iska ɗaya ta isa ta haura da su iyaka, a rubuta, injiniya ya duba kafin jirgin ya sake tashi. A mil 15 ya kira filaf 1, a mil 12 filaf 5. Layin tsakiyar titi ya shigo allo, jirgi ya karkata ya hau shi.

Layin gangara na digiri 3 ne, ƙafa 318 a kowane mil, a ka a ce 300. Muna ƙafa 2,900 da ɗoriya sama da fili, don haka a mil 9 ya kamata mu same shi, a nan kuwa ya zo. Daga ƙasa ake so a tare shi, a kwance, shi ya sauko ya same ka. Mai biyo shi daga sama yana cikin haɗari biyu: gudu na taruwa masa, sannan akwai layukan ƙarya da eriyar ke haifarwa a sama da na gaskiya, masu tsananin gangara, na'ura na iya kama ɗaya. Maganin shi ne ninka mil da 318, a ƙara tsayin fili, a gwada da agogo kowane mil biyu. Kyaftin yana yi a bayyane: mil 8, 4,100, daidai.

A kan layin, da filaf 5 da injin a silo, 737-800 ba ya son rage gudu. Ya tsaya a 172 ya ƙi motsi, da iska a baya take ma da ƙaruwa zai yi. Babban birkin da ya rage shi ne tayoyi, waɗanda za a iya saukewa tun daga noti 270 idan ta ɓaci. A mil 6 da rabi, ƙafa 2,000 sama da ƙasa, mataimakin ya kira tayoyi da filaf 15. Ƙofofi suka buɗe, iska ta yi ruri, ƙarfe ya ce ƙwas, fitilu uku kore. Gudu ya zube kamar an riƙe rigar jirgin ta baya. Ya ɗana sandar birkin iska don ta tashi da kanta idan an taɓa ƙasa. Mil 5, gudu 160, filaf 30. Aka karanta jerin dubawa na sauka. Sai injin suka farka daga silo, suka tsaya wajen kashi 55 cikin 100.

Farkawar nan tana da dalili. Injin jet da ke silo yakan ɗauki daƙiƙa har 8 kafin ya ba da cikakken ƙarfi, jirgin da ke zubar da ƙafa 750 a minti kuwa ya sauka ƙafa 100 a wannan tsakani. Saboda haka ake cika jirgi da tirjiya, tayoyi da filaf, sannan a tura shi da inji, don ƙarfi ya zama a kusa. Saurin saukar ma lissafi ne: gudun da ake yi a kan ƙasa sau 5, a ɗan ƙara. Agogo 147 yake nunawa, amma a tsayin Kano da zafin digiri 29 iska ta yi sirara, ainihin gudun ya kai 155. A cire iskar fuska 10, saura 145. Ƙafa 750 ko sama kaɗan. A watan Afrilu, zafi na haura 40, lambar takan fi haka, titi kuma ya fi saurin ƙarewa.

Ƙafa 1,000 sama da ƙasa ita ce ƙofar da ba a wucewa da bashi. Tayoyi a ƙasa, filaf na sauka, gudu tsakanin 5 ƙasa da 10 sama da abin da aka tsayar, sauka ba ta wuce ƙafa 1,000 a minti ba, inji a farke, jirgi a kan layi biyun, an gama karatu. Idan ɗaya ya ɓace, a fasa, a tashi, a zagayo. A rana tangararan wasu kamfanoni kan bari har ƙafa 500, amma hazo irin na yau hukuncin girgije gare shi. A ganina mafi wuyar abu a aikin nan ba lissafin ba ne, furta kalmar fasawa ce alhali titi na gabanka, ka san minti goma da man da za ta ci, ga fasinja da za su yi ta tambaya. Da yawa daga cikin jiragen da suka zarce ƙarshen titi sun tsallake wannan ƙofa da gudu ko tsayi fiye da kima, suna fatan gyarawa a ƙasa. Kishiyar haka ma tana kisa. A Yulin 2013 a San Francisco, wani Boeing 777 ya zo da tsayi, aka mayar da totur silo, matuƙan suna zaton na'ura na riƙe musu gudu alhali ta saki. Daga 137 da ake nema ya zube zuwa kusan 103, jela ta bugi katangar bakin teku, mutum 3 suka rasu. Shi ya sa idona ke kan hannun hagun mataimakin. Yana kan totur tun daga mil 9, yana jin duk motsinsu.

"Dubu ɗaya, a daidaice," in ji kyaftin.

Har yanzu ba titi. Da ganin mita 2,000, a kan digiri 3, bakin titi ba zai fito ba sai an sauko wajen ƙafa 400, wannan ma an san shi tun a sama, don haka ba wanda ya ƙosa. Iyakar da ake yanke shawarar sauka ko fasawa a ILS na rukunin farko ba ta gaza ƙafa 200, akwai sauran rata. Ta tagar dama wani duhu ya ɗago cikin ƙura, Goron Dutse, can bayansa Dala kamar inuwa. Rufin kwano ya fara fitowa a ƙasa, unguwannin bakin titin Katsina, Adaidaita Sahu rawaya jere kamar tururuwa. A ƙafa 600 fitilun shiga suka huda hazon, a 400 bakin titi ya bayyana, da fitilu huɗu a gefensa, biyu fari biyu ja, shaidar muna kan layi. Da uku sun yi ja mun yi ƙasa, da uku sun yi fari mun yi sama. Mataimakin ya kashe otofailot, na'urar da ke tuƙi da kanta, da totur mai sarrafa kansa, ya karɓi jirgin da hannu. Gyaransa ƙanana ne, ɗan tura, ɗan saki, ba ya bin allura da gudu.

Muryar na'ura ta fara ƙirga: 50 a kan bakin titi, 40, 30. Wajen 20 ya ɗago hanci digiri 2 zuwa 3, ya janye totur a hankali har silo. Ba a neman saukar da fasinja za su tafa wa hannu. Jirgin da aka riƙe yana shawagi sama da kwalta yana cin mita 75 kowace daƙiƙa, ba birkin da ke aiki a iska, kuma gudun da ya haura da kashi 10 cikin 100 yana ƙara tsawon tsayawa da kusan kashi 20. Tayoyin baya suka dira kamar mita 400 daga bakin titi, da ɗan nauyi. Sandar birkin iska ta ja baya da kanta, faifan suka miƙe duka, nauyin jirgi ya koma kan tayoyi, birki ya kama. Ya ɗago sandunan juya ƙarfin inji, ƙura ta turnuƙe gefe biyu. A noti 60 kyaftin ya kira, aka mayar da su, don kada injin ya shaƙi tsakuwar da ya tayar. Kyaftin ya karɓi jirgin, tunda sitiyarin tayar gaba a gefensa yake, muka fita daga titi da sauran kwalta mai yawa a gaba.

Minti 26 daga inda aka ja totur baya. Na rubuta lambobin a takarda: mil 68 da bashin 4,000, mil 30 a 11,300, tayoyi a 6 da rabi, 148 a ƙafa 1,000. Da aka buɗe ƙofa busasshiyar iska ta shigo da ƙanshin ƙura, leɓe ya fara tsagewa tun kan matakala. Injiniya na tsaye a ƙasa da rawani ya rufe hanci, yana jiran injin su huce ya leƙa bakinsu.